Numfashin Farfesa

Mahaifina farfesa ne, kuma a ɗakin gwaje-gwajensa nake aiki, wato shugabana ɗaya ne a gida da ofis. A gida Baba ne, ni kuma Auta. Da mun shiga ƙofar sashe sai ya koma Farfesa, ni na koma Injiniya, kuma in bakina ya suɓuce na ce masa Baba a gaban ɗalibai, sai ya waiga bayansa kamar yana neman wanda nake kira.

Abin da muka yi shekaru muna ƙerawa wata 'yar na'ura ce da za ka iya riƙewa a hannu ɗaya. Ka kurkure baki, ka hura iska a bututun roba, ita kuma ta shinshina. Mai ciwon ƙoda jininsa ba ya tacuwa yadda ya kamata, kuma wani ɓangare na dattin da ya taru yakan fito ta numfashi a matsayin amoniya, ɗan kaɗan ƙwarai, yadda hancin mutum ba zai ji ba sai abin ya yi nisa. A cikin na'urar akwai wani siririn fefe, wato ɗan faifai, da muka shafa wa sinadari. Da amoniya ta taɓa shi sai wutar da ke ratsa shi ta canza, na'ura ta karanta. In fitila ta nuna kore, je ka abinka. In ta nuna ja, je ka ga likita. Ba allura, ba kwalbar jini, ba zaman jiran sakamako. Ɗalibai suka raɗa mata suna Magulmaciya, tunda aikinta ke nan, ta ji abin da ke cikinka ta faɗa wa jama'a.

Sai dai irin wannan na'ura ba ta san mene ne lafiya ba sai an nuna mata. Kowace safiya sai an ɗora ta a sifili, wato a ba ta iskar da aka tabbatar da tsaftarta a ce mata, kin ji wannan, to ita ce lafiya, duk abin da ya haura ta ki yi magana. A ƙa'ida da silindar iskar gwaji ake yin haka. Tamu ta ƙare, takardar neman sabuwa kuma ta shiga yawon ofis-ofis, daga mai sa hannu zuwa mai sa hannu a kan sa hannun wancan. Baba ba mutum ne mai jira ba. Ya tara mu ya ce numfashin lafiyayyen mutum ya ma fi iskar silinda, domin yana da ɗumi da laima irin wanda na'urar za ta tarar a asibiti. Hujja ce mai kyau, har yau ba na musun ta. Abin da ya rage shi ne a samo lafiyayyen.

Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Babban ɗalibinsa, wanda kowa ke kira Dogo, yana zuƙar taba a bayan janareto yana zaton ba wanda ya sani. Sauran ɗaliban, in ji Baba, cikinsu ya zama bolar masu sayar da abinci a bakin titi. Ni kuma ba na rabuwa da mura. Da ya gama tankaɗe da rairaya, mutum ɗaya ne ya rage a ɗakin, mutumin da bai taɓa kwana a asibiti ba, ba ya shan taba, kuma yake hawa bene da ƙafa yana yi wa masu jiran lif kallon tausayi. Babu wanda ya ce a fara gwada shi tukuna. Wa zai buɗe baki ya ce wa Farfesa ya kawo shaidar lafiya?

Haka abin ya zama al'adar ɗakinmu. Ya shigo, ya rataye kwat, ya kurkure baki a famfon kusurwa, mu kuma mu tsaya. Ya rufe ido ya hura, Dogo ya danna maɓalli, kore ta kama, sannan a fara aiki. Ɗalibai a bayan idonsa suna ce masa Sifili. Bayan wasu watanni silindar ta iso, sabuwa fil da murfinta, amma ta makara. Cewa a koma kanta daidai yake da cewa numfashin Farfesa bai isa ba. Aka jingine ta a bayan ƙofa, ta zama wurin rataye rigunan aiki.

Da muka kai Magulmaciya sashen masu ciwon ƙoda na asibitin koyarwa, farkon abin kamar a mafarki. Likitar da ke kula da sashen tsohuwar ɗalibar Baba ce, har yanzu Malam take ce masa. Duk wanda gwajin jini ya ce yana da ciwon, na'ura ma ta ce ja. Aka ɗauki hoton Baba yana riƙe da ita, ya yi ta yawon lacca yana gaya wa mutane rigakafi ya fi magani, da cewa babban abokin gabar ɗan Adam shi ne ciwon da ke cin sa a ɓoye yana cewa lafiyarsa lau.

Daga nan sai hancin Magulmaciya ya fara toshewa. Ba rana ɗaya ba, a hankali. Da farko ta daina kama waɗanda ciwon bai yi nisa a jikinsu ba. Bayan wani lokaci har masu matsakaicin ciwo take sallama da kore. Allah Ya taimaka gwaji ne kawai, kowa ana ɗibar jininsa, ba wanda ya tafi gida da maganar na'ura. Amma Likita ta fara bugo waya tana tambaya cikin ladabi ko akwai abin da muka canza.

Ba abin da ba mu zarga ba. Muka ce fefe ne ya tsufa, muka sake sabo. Muka ce laimar ɗaki ce, muka ce batir ne, muka ce kamfanin da ke sayar mana da sinadari ya fara algus. Daga ƙarshe laifin ya sauka inda laifi ya saba sauka, a kan Dogo. Baba ya ce haɗin wayoyinsa ne ba shi da kyau, ya sa shi ya kwance ya sake, ya kwance ya sake, har yatsunsa suka yi kanta, digirinsa kuma ya tsaya cak. Kowace safiya dai Farfesa ya hura, kore ta kama, mu duƙufa neman inda matsalar take.

A gida kuwa Mama na nata binciken ba tare da na'ura ba. Ta ce mahaifinki ya daina cinye abinci, wai nama ƙarfe-ƙarfe yake yi masa a baki. Ta ce ƙafafunsa na kumbura da yamma, yana yawan sosa hannu, kuma yana yin barci a kujera ana tsakiyar labarai, shi da yake gyara wa mai karanta labarai nahawu. Kowanne Baba yana da amsarsa. Gishiri ne ya yi yawa, sabulu ne aka canza, zaman ofis ne. Mama ta ce mini mahaifinki yana da bayani a kan komai, har bayanin ma yana da nasa bayanin. Na yi dariya, domin ni a lokacin fefe ne a gabana.

Sai aka gayyaci Baba wani taro a ƙasar waje. Takardar da zai gabatar kuwa a kan matsalar tsufan fefe ce a na'urorin numfashi, da zane mai kyau, layi mai miƙewa sama, da ke nuna yadda toshewar hancin Magulmaciya ke ƙaruwa wata bayan wata. Ni na zana masa shi da hannuna.

Washegarin tafiyarsa muka tsaya cirko-cirko a gaban na'ura. Dole a ɗora ta a sifili, kuma ba wanda ke da ƙarfin halin sa bakinsa inda Farfesa ke sa nasa. Dogo ne ya tuna da silinda. Muka kwashe rigunan da ke kanta, muka share ƙura, muka jona ta. Muka ɗauki na'ura muka tafi asibiti kamar kullum, ba mai tsammanin komai.

Ba ta kuskure ko mutum ɗaya ba. Har wata mata da ciwon ya fara taɓawa kaɗan, wadda ko a zamanin da na'urar ke tashe sai an yi sa'a, ta nuna mata ja. Washegari ma haka, da wanshekaren washegari. Likita ta tare mu a baranda tana murna, ta ce me kuka yi mata? Dogo ya ce ba komai, sifili kawai muka canza. Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Ya dube ni, na dube shi. Wata bayan wata muna nuna wa na'ura numfashin mutum ɗaya muna ce mata wannan ita ce lafiya, ita kuma baiwar Allah tana yarda. Duk wanda bai fi mutumin nan ciwo ba, lafiyayye ne a wurinta. Ba hancinta ne ke toshewa ba, ma'aunin ne ke hawa.

"Injiniya," in ji Dogo, "ni dai ban ce komai ba."

Na nemi benci na zauna. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, domin zanen nan da na yi wa Baba na san yadda ya miƙe sama, kuma na san ba a jiya ya fara ba.

Ranar da ya dawo aiki mun riga mun ɗora ta a kan silinda kafin ya iso. Ya shigo da fara'a, an tafa masa a taro, har wani ya ce zai gwada sabon fefe bisa shawararsa. Ya rataye kwat, ya kurkure baki, ya rufe ido ya hura. Da ya buɗe ido, ja ce ke kallonsa.

Ya tambayi wanda ya taɓa na'urar, Dogo ya yi bayani yana kallon takalminsa. Baba ya ce silindar ta lalace da ajiya. Aka duba, da sauran wa'adinta. Ya ce amoniyar baki ce, ƙwayoyin cutar da ke tsakanin haƙora ma suna fitar da ita, duk ɗan aji ɗaya ya san haka. Ya sake kurkurewa har da burushi, ya hura, ja. Ya ce ƙwan da aka ba shi a jirgi ne. Sannan ya sa kowa ya yi layi. Masu cin abincin bakin titi suka hura, kore. Na hura da murata, kore. Dogo ya hura, da warin tabar safe a bakinsa, kore shar. Baba ya daɗe yana kallon fitilar, sannan ya yanke hukunci cewa na'urar ta cika zaƙewa, a ɗaga mata iyaka.

Na ce ba zan ɗaga ba. Bai yi faɗa ba, ya jawo kujera ya zauna a gaban kwamfuta da kansa. Ya ɗaga kaɗan ya hura, ja. Ya ƙara ya hura, ja. Ya yi ta ƙarawa yana hurawa har numfashinsa ya fara sarƙewa, sannan kore ta kama. Ya miƙe ya ce an gyara, a mayar da silinda bayan ƙofa. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, kuma ya kafa dokar kada a tashe shi.

Na gaya wa Mama komai a ranar. Ba ta yi mamaki ba, ta dai ce ashe har ƙarfe ya gani. Muka shiga lallashi. Ta roƙe shi da girman zaman da suka yi, ya ce ta bar harkar kimiyya ga masu ita. Yayata ta bugo waya daga inda take aure, ya tambaye ta lafiyar yara. Ni na same shi a falo na yi masa kuka sosai, na ce Baba gwajin jini ne kawai, ba ya ɗaukar lokaci. Ya miƙo mini hankici, ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, sannan ya yi mini lacca a kan yadda sababbin na'urori ke yawan ƙararrawar ƙarya. Makonni suka wuce a haka, yana ramewa a fuska yana kumbura a ƙafa.

Ina kwance wata safiya ina jin haushinsa sai na gane kuskurenmu. Muna ta ƙwanƙwasa ƙofar Baba, alhali maigidan ya ƙaura ya koma ofis. Baba ba ya tsoron ciwo tunda bai yarda akwai shi ba. Farfesa kuwa akwai abin da yake tsoro.

A taron mako, gaban duk ɗalibai, na ɗaga hannu. Na ce ranka ya daɗe, ina ba da shawarar mu sanar da cewa aikin nan bai yi nasara ba. Na ce na'urar da, in an ɗora ta a kan iskar ƙa'ida, take kiran mutum mafi lafiya a jami'ar nan majinyaci, ba na'ura ba ce, abin wasan yara ce. Mu gaya wa Likita ta dakatar da gwaji, mu janye takardun da muka buga, mu ba jama'a haƙuri. Na yi maganar da muryar Injiniya, ba ko ɗigon hawaye. Dogo, Allah Ya saka masa, ya ce ya goyi baya.

Baba kuwa, na ga maganar ta shige shi. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Na'urata ba ta ƙarya," ya ce.

Na ce, "To, ranka ya daɗe, tsakaninka da ita ɗaya ba shi da lafiya. Mu dai ba mu san wanne ba."

Gaba kura baya sayaki, in ya ce lafiyarsa lau ya kashe aikin rayuwarsa da bakinsa, in ya ce aikin na da kyau ya kai kansa asibiti. Can sai ya ce shi masanin kimiyya ne, kuma masanin kimiyya ba ya gardama a kan abin da za a iya aunawa. Zai je a ɗebi jinin, ba don wani abu na damunsa ba, sai don a rufe bakin masu surutu. A mota muna tafiya na yi ta satar kallonsa ina tambayar kaina wane sakamako yake fata. Har muka isa ban samu amsa ba, ina jin shi ma bai samu ba.

Da sakamakon ya fito Likita ta kira mu ofishinta ta rufe ƙofa. Ta ce Malam, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Hawan jini ne da ya daɗe ba a kula da shi ba, ya ci ƙodojin biyu, abin da ya rage kaɗan ne. Da a bara ne, da magani da kiyaye abinci za su ja lokaci mai tsawo. Yanzu kam sai a fara shirin wankin ƙoda, kuma ba da jimawa ba.

Ni kalmar bara na yi ta maimaitawa a raina. Baba kuwa ya nemi ta ba shi takardar. Ya bi lambobin da yatsa, ya tambaye ta a ƙiyasinta yaushe abin ya fara tsanani. Ta faɗa. Ya juya bayan takardar, ya zaro biro, ya zana layin nan da na sani, mai miƙewa sama. Sai na ga fuskarsa ta washe, irin washewar da na daɗe ban gani ba.

"Injiniya, kin gani? Ba fefe ne ya tsufa ba. Ni take aunawa, kowace safiya. Tun kafin wani likita ya sani ta sani."

Ya ce a duniya ba mai irin wannan bayanan, majinyaci guda, awo kullum, tun daga farkon ciwo har nisansa. Ya ce takardar da ya gabatar a taro kuskure ce, za a janye ta a rubuta wadda ta fi ta. Ya ce in gaya wa Dogo haɗin wayoyinsa ba laifi, wanda a wurin Baba wannan shi ne durƙusawa a nemi gafara. Likita ta dube ni. Ni kuwa ji nake kamar in kama kafaɗunsa in girgiza shi. Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa a lokaci ɗaya kamar ranar ba. A baranda har ya fara yi mini shiftar taken sabuwar takardar, yana tsayawa yana hutawa a tsakiyar jimla.

A mota surutun ya ragu. Da muka shiga layinmu ya ƙare gaba ɗaya. Amma da na tsaya a ƙofar gida sai ya gyara wuyan riga, ya ɗauko murmushin ya mayar, ya fita da takardar a hannu. Mama na tsaye a bakin baranda, da alama tun fitarmu take wurin.

"Albishirinki," ya ce.

Ni ta kalla, ba shi ba.

"Na'urar tana aiki," ya ce. "Ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya."

"To, barka," in ji Mama. Ta lalubi matakala ta zauna.

Ya tsaya a tsakar gida da murmushinsa da takardarsa, ba wanda ya karɓi ko ɗaya. Ya dube ni, na kawar da kai. Ya ce ashe a gidan nan ba mai taya mutum murna, amma muryar ba ta kai ƙarshen maganar da ƙarfinta ba. A hankali ya taka ya zauna kusa da ita a kan matakalar, shi da ba ya zama a ƙasa. Na juya zan rufe mota sai na ji ya yi magana ƙasa-ƙasa, da wata murya da ban san yana da ita ba.

"Sun ce da allura ake yi. Manya. Kowane mako, ba ranar dainawa." Ya ɗan tsaya. "Kin san ni da allura."

"Na sani," in ji Mama. "Tare za mu riƙa zuwa."

Na tsaya da makullin mota a hannu. Shekara da shekaru ina taya shi ƙera na'urar da za ta raba mutane da allura, na ji laccarsa har na haddace, amma ban taɓa jin wannan ba sai ranar. Ya miƙa mata hannu kamar yaron da za a tsallaka da shi titi, ta riƙe.